Girkin Sansani da Miyar Gida

Gobir gidan faɗa, in ji maroƙa, kuma ba su yi ƙarya ba. Duk yaron da ya tashi tsakanin Sabon Birni da Isa ya ji sunan Bawa Jan Gwarzo tun bai iya ɗaurin wando ba. Ya ji labarin dawaki da lifidi da 'yan baka, ya ji yadda Alƙalawa ta ci zamaninta a bakin Gulbin Rima har ta faɗi a 1808. Abin da ba a cika ba mu labarinsa ba shi ne abin da mutanen nan suka ci. Dubban maza ne suke barin gidajensu wata da watanni, ga dawaki, ga jakuna, ga raƙuma, kowa da bakinsa. Dole wani ya daka, wani ya ɗebo ruwa, wani ya hura wuta. Makaɗa ba su yi wa waɗannan kiɗa ba, masu rubuta tarihi ma sai dai su gilma ta kansu. Ni kuwa da na tashi a Kurawa, na kuma ga abin da ya sami ƙasarmu a 'yan shekarun nan, labarin tukunyar ya fi tsaya mini a rai, don da ita ake gane ko mutane zaune suke ko a kan ƙafa.

A da yaƙi yana da lokacinsa. Sai an yi girbi, an ɗaure damman hatsi an kai rumbu, gulbi ya janye, fadama ta bushe yadda doki zai iya takawa, sannan a buga tambari. Ba sarki ke ciyar da kowa ba. Kowane mayaƙi da guzurinsa yake fita, kuma matan gidansa ne suke kwana haɗa shi. A surfa gero a wanke, a daka da kayan yaji, a dunƙule gumba, ko a shanya garin ya bushe ƙarau a ɗura a burgami. In an sauka zango sai mutum ya ɗebi tafi biyu ya dama da ruwan salka, in an yi sa'a akwai ruga kusa a samo nono. Mai hali yana da kilishi a jaka. Abzinawa da ke taya Gobir yaƙi suna da dabino da cuku. Duk kayan nan halinsu ɗaya: ba su da nauyi, ba su lalacewa da wuri, ba su neman wuta. Wuta a sansani tonon asiri ce, hayaƙinta da rana, haskenta da dare.

Amma guzuri kwanakinsa ƙidayayyu ne, kuma da ruwan ciki ake jan na rijiya. In burgami ya yi shakwaf, ido sai ya koma kan rumbun talaka. Jama'ar Shehu Usmanu sun ɗanɗana wannan tun da fari. Sun yi hijira daga Degel zuwa Gudu a watan Fabrairu na 1804, cikin rani, sun baro gonaki da rumbuna a baya. Sun yi nasara a Tabkin Kwatto a watan Yuni, sai dai nasara ba ta cika ciki. A ƙarshen shekarar, a Tsuntsuwa kusa da Alƙalawa, Gobirawa da Abzinawa suka yi musu mummunar ɓarna, malamai da mahaddata da yawa suka rasu a wurin. Bayan haka neman abinci da makiyaya na cikin abin da ya kai su Sabon Gari ta ƙasar Zamfara a 1805, daga can sai Gwandu. Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya koka a rubuce-rubucensa a kan mayaƙan da suka miƙa hannu ga dukiyar da ba ta halatta gare su ba. Kwaɗayi na ciki, ba shakka, amma yunwa ma na ciki. Su kuwa ƙauyukan bakin Rima, ko wane ɓangare ya ci, rumbunsu ne ya biya.

Akwai wata tsohuwa da nake jin ta cancanci a riƙa tunawa da ita a ƙasar nan. A watan Oktoba na 1826 Kyaftin Clapperton, Baturen Birtaniya, ya bi rundunar Sarkin Musulmi Muhammadu Bello zuwa Konya, inda Gobirawa suka kafa mazauni bayan Alƙalawa. Ya rubuta abin da ya gani, na dawaki da masu lifidi da kibau masu dafi. Amma wadda ya fi yabo wata tsohuwar baiwa ce, Bazamfara, a kan doki, ta rataya goruna cike da ruwa, ga 'yar tasar tagulla a hannunta, tana ratsa filin daga tana shayar da masu rauni da masu ƙishirwa. Bai bar mana sunanta ba. Shekara goma bayan haka aka yi yaƙin Gawakuke, a 1836, Gobirawa suka watse, wasu suka kafa Tsibiri kusa da Maraɗi, daga baya Ɗan Halima ya ɓalle ya zo ya kafa Sabon Birni. A kowane ɗaya daga cikin waɗannan tashe-tashen akwai mata irinta ɗauke da turmi da tukunya a bayan ayari.

Zuwan Turawa ya fara da tsohon salo, har ya fi muni. Rundunar Faransa ta Voulet da Chanoine da ta ratsa arewa da mu a 1899 da ƙwace take ci, abin da ta yi wa Birnin Ƙonni a watan Mayu na shekarar har yau ba a manta ba. Daga baya ne aka ga sabon tsari. Sojan Ingila na Afirka ta Yamma, wanda Lugga ya fara haɗawa a 1897 kuma ya ci Sakkwato da shi a watan Maris na 1903, soja ne na albashi da bariki. A bariki matar soja ke dafa masa, matan kuma suna da magajiyarsu. In aka fita daga kuwa, sai abinci ya zama abin awo: kaza na shinkafa ko dawa, kaza na nama, kaza na gishiri, kowane kai a kowace rana, 'yan alaro suna biye da kaya a ka. Tsari ne mai kyau a takarda, muddin hanya na nan. A farkon 1917, a bakin kogin Rufiji na Afirka ta Gabas, damina ta yanke hanya, sojan Nijeriya da ke yaƙar Jamus suka zauna cikin yunwa watanni. An rage rabo har ya koma ɗan abin da ba ya tsayar da mutum, wasu suka shiga tonon saiwoyin da ba su sani ba, guba ta kama su. Da yawansu Hausawa ne, 'ya'yan manoma, waɗanda a gida sun san kowane ganye na daji da sunansa.

Shi abincin gwangwani yaƙi ne ya haife shi. Gwamnatin Faransa ta zamanin Nafoliyon tana neman dabarar da abinci zai daɗe wa soja da 'yan jirgin ruwa, wani mai suna Nicolas Appert ya gano cewa in aka rufe abinci ruf a kwalba aka dafa shi a tafasasshen ruwa ba zai ruɓe ba. Ya bayyana dabararsa a 1810, Ingilishi suka mai da kwalbar gwangwani. Kafin yaƙin duniya na farko ya ƙare, miliyoyin soja sun rayu da naman gwangwani da busasshen biskit. Wannan gwangwani ne ya tarbi mutanenmu da aka ɗiba a yaƙin Hitila.

Na san ɗaya daga cikinsu. Baba Kofur muke ce masa, a shekarun 1970 ya riga ya manyanta, yana zama a zauren gidansa yana tufkar igiya. Yana cikin dubun-dubatar 'yan Nijeriya da aka tsallaka da su teku zuwa Indiya, daga nan ƙasar Bama don yaƙar Japan. Runduna biyu ce ta Afirka ta Yamma, ta 81 da ta 82. Ta 81 ta shiga kwarin Kaladan, daji da duwatsu inda mota ba ta shiga, ta zama runduna babba ta farko da jiragen sama suka riƙa ciyarwa kusan gaba ɗaya. Abin da jirgi ya jefo, sojan dako ne ke ɗauka a ka su bi masu bindiga da shi. Sunayen wuraren da aka yi yaƙin suna nan a jikin barikokinmu: Kalapanzin da Dalet a Kaduna, Myohaung a Legas. Mu yara labarin harbi muke so, shi kuwa ko ta ina ya faro sai ya ɓullo ga abinci.

"Baba, da gaske ne tuwonku daga sama yake zuwa?"

"Wane tuwo, yaro? Shinkahwa dai. Jirgi shi zo shi yi shawagi, shi sako buhunna, wasu da laima wasu babu. Wanda duk yat tsaya kallo, buhu na iya karya mai wuya. Mu munka ga haka da idonmu."

Yana da wani ɗan kwanon soja na goran ruwa, mai maɗauki mai naɗewa, duk ya lotse, a ciki yake ajiye goronsa. Da shi yake nuna mana. A nan ake dafa shinkafa, a nan ake shan shayi, a nan ake ɗibar ruwan alwala. In an sami sarari sai mutum biyar ko shida su haɗa rabonsu, a yanke garwar kananzir a wanke a ɗora bisa duwatsu uku, a huda gwangwanin nama da banati a juye a kan shinkafar. Ya ce naman ja ne, ga kitse ga gishiri, a baki kamar tsumman da aka jiƙa a ruwan gishiri. Da farko sun ƙi ci, suna tambayar wa ya yanka, sai limaminsu ya ce musu lalura ce, su yi bisimilla. In Japan na kusa ba a hura wuta sam, sai biskit da ruwa, wani lokaci kwana da kwanaki. Mutanen ƙasar ne suka koya musu dafa shinkafa a cikin ɗanyar gora, da cin tohonta. In wani ya tsinci barkono a gonar da aka gudu aka bari, ranar salla ce. Ya ce akwai daren da suka kwana a rami suna gardama, Bagobiri da Bakatsine da Bazazzagi, a kan wace miya kowa zai fara sha in Allah ya mai da shi gida, har saje ya tsawata musu.

Waɗanda suka rage a gida ma sun ciyar da yaƙin nan, ko da ba su ga Bama ba. An matsa wa manoma su noma gyaɗa, ana kai ta Ƙauran Namoda inda layin dogo ya tsaya tun 1929. Da Japan ta ƙwace ma'adinan Malaya, aka shiga ɗibar mutane aikin tilas na haƙar kuza a Jos daga 1942 zuwa 1944, lardin Sakkwato na cikin inda aka ɗiba, kuma hatsin da za a ciyar da su daga rumbunan talakawa aka karɓa. Ruwa ya yi gardama a shekarun, aka shiga yunwar da tsofaffi ke kira 'Yar Gusau. Wato ɗa yana can yana cin naman gwangwani, uwa tana nan tana tafasa ganye.

Da aka sallame su a 1946 sun dawo da abubuwan da suka zauna da mu har yau. Shayi da madara da burodi sun bi mazan jiya daga bariki zuwa tasha, daga tasha zuwa ƙauye. Gwangwanin da aka shanye ya zama ma'auni a kasuwa, har gobe da shi ake awon gyaɗa da barkono. Yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970 ya sake kwasar samari, suka dawo sun saba da garin rogo da shinkafa da wake. Dunƙulen Maggi, da aka fara yi a Turai tun 1908, ya iso teburin mai kayan miya, tumatirin gwangwani ya biyo shi, daga baya na leda. Ba na cikin masu tsine wa waɗannan kaya. Macen da ta yini a gona ta dawo ta tarar da yara suna kuka tana da haƙƙin ta nemi sauƙi. Abin da nake cewa kawai, dukansu 'ya'yan gaggawa ne, an yi su ne don wanda ba shi da lokaci ko ba shi da wurin zama.

Baba Kofur ya ce daren da ya iso gida, mahaifiyarsa ba ta tambaye shi komai ba, ta sa aka kama akuya, ta aika a ciro kabushi a bisa danga. Miyar da ta yi masa ita ce wadda Gwaggona ta gada, wadda mutanen Kano ke kira taushe, mu kuwa miyar kabushi da sure muke cewa. Na sha zama kusa da murhu ina kallon yadda ake yinta, ana kora ta ina dawowa, don haka zan faɗe ta yadda na gani.

Nama shi ne farko, kuma na jar akuya, irin tamu ta Sakkwato da Maraɗi. Gwaggo ba ta son tsoka zalla. Wuya take nema da haƙarƙari da ƙashi mai ɓargo, da ɗan tumbi in an wanke shi da kyau, don romon daga ƙashi yake fitowa. Ta zuba a tukunyar ƙasa da albasa da citta da masoro da ɗan kimba da gishiri, ruwa ya rufe naman da kaɗan. Da kara ake tayar da wuta, amma da itace ake dafuwa, kuma da zarar ta tafasa sai a zare itace ɗaya a bar ta tana ɓararraka a hankali. Kumfar da ta taso a kwashe. Wannan bayan azahar ke nan, kuma ba za a sauke ba sai an kusa kiran magariba.

Nama na kan wuta, turmi na aiki. Tattasai da tarugu da albasa ake jajjagawa, in rani ya yi nisa a haɗa da kauɗar tumatir da aka jiƙa. Jajjage ne, ba niƙa ba, ana so a ga ɓarɓashinsa a miya. Sai daddawa. A wajenmu ɗorawa ba ta da yawa, kalwa daga kudu take zuwa ta kasuwar Shinkafi ta ranar Alhamis, shi ya sa kowace tsohuwa ta iya daddawar batso, ta 'ya'yan sure. Gwaggo tana haɗa biyun, ta daka da busasshen barkono, kuma da wuri take zubawa, tare da jajjagen, don warin ya dahu ya koma ƙamshi. Wadda ta sa daddawa a ƙarshe, in ji ta, maƙwabta za su ji miyarta amma mijinta ba zai ƙara ba.

Kabushi ana son wanda ya ƙosa, mai jan ciki, wanda in ka ƙwanƙwasa za ka ji ya amsa. A fere, a yanka manya-manya, a jera a kan naman. In ya yi laushi a tsamo shi a dama da ludayi a ƙwarya a mayar, shi ne jikin miyar da zaƙinta. Gidan mutum goma, rabin matsakaicin kabushi ya isa, da gyaɗa gwangwanin madara biyu. Gyaɗar a soya ta sama-sama a murje ɓawon, a daka har ta fara nason mai, a dama da romo a zuba. Daga nan babu tashi. Gyaɗa tana kama gindin tukunya, kuma in ta ƙone ko kaɗan, ƙaurin ya shiga ke nan, babu dabarar da za ta fid da shi. A nan ne Gwaggo take zama a kan kujera 'yar tsugunne, muciya na gefe, ludayi a hannu, tana juyawa tana ba da umarni.

"Kai, maigida, tashi min daga bakin wuta ka miƙo min suren can."

Sure shi ne na ƙarshe. An riga an tsinke shi an zuba masa tafasasshen ruwa an tsiyaye, don a karya tsaminsa ba a kashe shi ba. In ya cika tsami a ɗiga ruwan kanwa, ɗigo kawai. A haɗa da alayyafo in akwai, a barbaɗa gabu, kuma ba a rufe tukunya bayan ganye ya shiga. Can gefe an soya man shanu da albasa har ta yi ja, a kwarara a kai lokacin kwashewa. Tuwon dawa ko na maiwa ake ci da ita, ran salla ko suna kuwa tuwon shinkafar fadama. Akushin maigida daban, kwanon samari daban, na yara daban, sannan ga na maƙwabta da na almajiri. Abin da ya rage a gindin tukunya shi ne ɗumamen safe, wanda ni a wurina ya fi na daren.

In mutum ya bi kayan miyar nan ɗaya bayan ɗaya zai ga abin da kowanne yake nema. Akuya sai gidan da ya shekara a wuri ɗaya. Kabushi sai an shuka da farkon damina an jira kaka. Batso sai an dafa 'ya'yan sure an rufe kwanaki sun ruɓa, an daka, an shanya. Man shanu sai Bafulatana ta shigo gari da ƙwaryarta ba tare da tsoro ba, ita da masu saye. Kalwa da citta sai hanyar kasuwa ta yi lafiya. Itace sai yaro ya shiga daji ya dawo. A bisa duka, sai mace ta sami yini guda da za ta zauna gaban murhu hankalinta kwance. Soja bai taɓa samun wannan ba, shi ya sa Baba Kofur da abokansa suka kwana a rami suna gardamar miya.

Yau duk abin nan an taɓa shi. Tun wajen 2019 'yan bindiga suka addabi gabashin Sakkwato, dubun-dubatar mutane suka tsallaka iyaka zuwa jihar Maraɗi. A watan Mayu na 2020 an kashe fiye da mutum 70 a rana ɗaya a ƙauyukan Sabon Birni. A 2021 aka rufe kasuwannin dabbobi aka yanke layin waya don a toshe wa ɓarayin hanya, talaka ma ya ji a jikinsa. Juyin mulkin Nijar na 2023 ya jawo rufe iyaka watanni, alhali rabin danginmu da rabin cinikinmu suna wancan gefe. A watan Agusta na 2024 Sarkin Gobir na Gatawa, Alhaji Isa Muhammad Bawa, ya rasu a hannun waɗanda suka sace shi. Sunan ɗan bindiga Bello Turji ya zama abin da ake faɗa da ƙaramar murya daga Isa har Shinkafi. Ƙauyuka suna biyan kuɗi kafin su yi shuka, su sake biya kafin su yi girbi. Kuma cikin abin da ɓarayin ke nema a fansa, ban da kuɗi da babura, har da buhun shinkafa da taliya da mai da dunƙule. Su ma runduna ce mai ciki, kuma rumbun da ya ciyar da na da shi ne dai yake ciyar da su.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne yadda girkin gida ya koma. A ƙauyuka da yawa mace tana gama abincin dare kafin la'asar, don kada magariba ta same ta da wuta a murhu. Ba a daka da dare. Abin da ke dahuwa da sauri ake nema: taliya da mai da yaji, shinkafa da ɗan dunƙule, garin rogo da ƙuli. Awaki an kore wasu, sauran an sayar kafin a kore su. Nono da man shanu sun yi wuya, don Fulanin da ba ruwansu su ma an cuce su, an kwashe musu shanu, kuma shiga gari ta zame musu abin tsoro. A bakin ƙofar ɗaki za ka ga ƙullin garin gero da 'yar jarkar ruwa, a shirye, saboda in an ji ƙarar babura ba a tsayawa neman komai. Guzurin nan ne dai na mayaƙan Alƙalawa, mara nauyi, mara neman wuta, sai dai yanzu mace mai goyo ke ɗaukarsa, kuma ba ta fita da niyyar yaƙar kowa ba.

Waɗanda suka tsallaka Nijar suka sami rajista, hukumomin agaji suna ba su abinci da awo, hatsi da wake da mai da gishiri, kowane kai da rabonsa. Ya ceci rayuka, Allah ya saka. Amma lissafin bariki ne, na abin da zai tsayar da mutum da ƙafarsa. Sojojin da aka girke a garuruwanmu ma haka suke, yara samari daga Inugu da Ogbomosho da Biyu, tukunya ɗaya babba a bayan buhunan yashi, shinkafa da wake yau, wake da shinkafa gobe, ido na kan daji. In na gan su suna sayen ƙosai a bakin hanya, na san kowannensu akwai miyar da yake tunani.

Gwaggo tana Sakkwato yanzu, a ɗakin haya, ita da jikokinta. Ƙarfinta ya ragu amma ba ta saki ludayi ba. Tukunyar ƙasa ta zama ta dalma, itace ya zama gawayi a kurfoti, nama kuwa sai in ɗayanmu ya kawo. Babbar jikarta ta girma a shekarun gudu, ta iya dafa taliya cikin ƙiftawar ido amma ba ta taɓa ganin yadda ake batso ba. Wannan ya dami tsohuwar fiye da ƙuncin ɗakin. Da na je gaishe ta na tarar tana juya daddawar da aka sayo a kasuwa, ta shinshina ta ajiye.

"Wagga ta waken suya ce. Ba ni sa ta."

"Gwaggo, ita ake samu yanzu."

"To ka samo min 'ya'yan sure, ko tiya guda. Mutanen Tsibiri ba su bar shuka shi ba. Yarinyag ga sai ta iya kahin in mutu."

Na yi magana da wani direba da ke bin hanyar Illela zuwa Ƙonni, na ba shi kuɗin tiya biyu. Ya ce na bara ya ƙare a hannun mutane, sai dai in an cire sabo bayan kaka.